Gidan abinci marar nama, marar gaisuwa

Bayan girbi na tafi Yamai tare da wani dattijo ɗalibina, manomin gero da wake. Bana ya iya karatun Hausa. Da azahar yunwa ta kama mu, muka shiga wani gidan abinci.

A gidan nan ba a dafa nama ko kifi. Ba ƙwai, ba nono, ba man shanu, ko zuma babu. Masu wannan ra'ayi ana ce musu bigan. A Ingila aka kafa ƙungiyarsu ta farko, cikin 1944. Su a ganinsu bai kamata mutum ya ci dabba ba, ko abin da ya fito daga jikinta. Wannan ra'ayinsu ne, ba da shi nake faɗa ba.

Abincin ma ba laifi. Akwai shinkafa da wake, da awara, da zogale da ƙuli-ƙuli, wanda Zabarmawa ke kira kopto. Wake yana gina jiki ƙwarai. Sai dai wanda ya bar nama da nono da ƙwai duka, dole ya nemi bitamin B12 a wajen likita, don babu shi cikin hatsi da ganye, rashinsa kuwa yana kawo ƙarancin jini.

Tarbon da aka yi mana shi ne abin faɗi. Muka yi sallama, ba wanda ya amsa. Muka zauna kusan rabin awa, ko ruwan wanke hannu ba a kawo ba. Can wani saurayi ya ajiye mana takardar abinci, idonsa a kan salula. Dattijo ya ɗauka da murna, ya ɗora yatsa yana bin baƙaƙe. Ashe duk da Faransanci aka rubuta. Sai ya ce: "Ɗana, akwai hura da nono?"

Yaron ya yi dariya ya ce: "Tsoho, nan ba tasha ba ce."

To, ai gara tasha! Mai tuwon tasha takan ce "Sannu da zuwa, Baba" tun kafin ta ga kuɗinka. Kuma dattijo bai yi tambayar banza ba. Mutumin da ya tashi da hura da nono, ina zai san akwai gidan da aka hana nono? Magana biyu ta isa a gane da shi. Na fi ganin laifin mai gidan. Ya kawo sabon abu cikin gari, bai koya wa yaransa bayani ba, bai rubuta layi ko ɗaya da Hausa ko Zabarmanci ba. Waken da yake sayarwa da tsada kuwa, irin su dattijon nan ne suka noma shi.

Muka ci, na biya jika huɗu, ba ko "mun gode". A mota dattijo ya yi shiru har muka wuce Doso. Sannan ya ce: "Malam, ashe karatun nan namu bai kai Yamai ba?"