Wata Tsohuwar Kalma a Labarin Hauwa'u

A birnin Jidda, inda alhazanmu ke sauka, akwai wata maƙabarta da ake kira da sunan Uwarmu Hauwa'u. Tun cikin 1183 matafiyin nan Ibn Jubairu ya ga wata tsohuwar ƙubba a garin, aka ce masa nan ta ya da zango. Wasu ma sun ce sunan garin daga jadda ya fito, watau kaka da Larabci. Musulmi da Kirista da Yahudawa duka sun yarda ita ce kakar 'yan Adam. Amma game da matsayinta wajen mijinta, wata 'yar kalmar Ingilishi ta ɓad da mutane da yawa.

Cikin 1611, zamanin Sarki James na Ingila, aka buga wata fassarar Littafi Mai Tsarki wadda har yanzu ake karantawa. Da masanan suka zo kan halittar Hauwa'u, a sura ta 2 ta Littafin Farawa, sai suka jera kalmomi biyu, help da meet. Ta farko ma'anarta taimako. Ta biyu kuwa, a Ingilishin wancan zamani, ma'anarta wanda ya dace. Haka asalin Ibrananci ya nufa: mai taimako da ke tsaye daura da shi, daidai da shi. To, masu fassara ba su yi kuskure ba.

Sannu a hankali wannan ma'ana ta meet ta fita daga bakin jama'a. Masu karatu suka liƙa kalmomin biyu, suka haifi sabon suna, helpmeet, daga baya helpmate. Daga nan wasu masu wa'azi suka riƙa kafa hujja da shi, wai an halicci mace don hidimar namiji kurum. Alhali kuwa kalmar Ibranancin da aka fassara da taimako, cikin Zabura ga Allah kansa ake jingina ta. Wa zai ce Allah baran mutum ne?

Abin lura ke nan ga mai juya Ingilishi zuwa Hausa. Littafi yana zaune, harshe yana tafiya. Wanda ya auna kalmar 1611 da mudun yau, rashin sani zai sa shi ya kwana kan dami da yunwa, ya kuma rage wa mata haƙƙinsu da sunan nassi.