Masoya a Matsayin 'Yan Amshi: Ƙaunar Mawaƙa Mata Daga Tsakar Gida Zuwa Gwarinpa

1.0 Gabatarwa

Nazarin waƙar baka ta Hausa ya daɗe yana karkata ga mutum biyu, wato makaɗi da ubangidansa. Tun daga maƙalar M. G. Smith ta 1957 a kan roƙo, zuwa kundin digirin Ɗandatti Abdulƙadir na 1975 a kan Mamman Shata, har zuwa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau na 1993, an samu ingantattun hanyoyin fito da turke da salo da tsarin waƙa. Waɗanda ba su samu kulawar da ta kamace su ba su ne masu sauraro, musamman matan da suka yi tashen ƙaunar zabiyoyi da masu amada daga wajejen 1970 zuwa 1990. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙaunar nan wani ɓangare ce na ginin waƙar kanta, ta kuma duba abin da ya same ta bayan ta bar tsakar gida ta koma ɗakunan biki na unguwa irin Gwarinpa a Abuja.

2.0 Dandalin Amada

A ƙasashen Turawa, ana auna ƙaunar mawaƙiya da yawan faifan da ta sayar da kuma cikar filin wasa. Misali, a shekarar 1988 Tina Turner ta tara mutum kimanin dubu 180 a filin Maracana na ƙasar Birazil. Wannan ma'auni ba zai yi amfani ga mawaƙiyar Hausa ta wancan zamani ba, domin dandalinta tsakar gida ne, lokacinta kuwa bikin aure ko na suna, masu sauraronta kuma mata ne zalla, waɗanda da yawansu suna cikin kulle.

Amada kiɗa ne na ƙore, ana kifa wasu a ƙasa, wasu a kan ruwa, mata na kaɗawa suna amshi. Daga cikin waɗanda suka shahara da shi akwai Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano da Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa. Gidajen rediyo da talabijin, daga baya kuma kaset, su suka kai muryoyinsu garuruwan da ƙafarsu ba ta taka ba. Duk da haka, a gidan biki ne ake ganin ainihin dangantakar da ke tsakanin mawaƙiya da masoyanta.

3.0 Yadda Ƙauna Take Shiga Cikin Waƙa

Ana iya fito da hanyoyi uku da masoya suke sa hannu a ginin waƙa.

Hanya ta farko ita ce ta liƙi da kyauta. Idan mace ta shigo fage ta liƙa kuɗi, ko ta ajiye turmin atamfa, mawaƙiya takan saka mata da ɗan waƙa mai ɗauke da sunanta da na mijinta ko na 'ya'yanta. Ke nan tsawon waƙa da jerin ɗiyanta sun dogara ga waɗanda suka fito fage a wannan rana. Wannan ne ya sa waƙa ɗaya takan zo da siffofi mabambanta a kaset daban-daban, kuma manazarcin da ya ɗauki guda ɗaya a matsayin matani na asali ya yi kuskure.

Hanya ta biyu ita ce ta amshi da guɗa da rawa. A fadar sarki, 'yan amshi ƙungiya ce sananniya, sauran jama'a kuwa 'yan kallo ne. A gidan biki wannan iyaka takan rushe, gida duka ya ɗauki gindin waƙa. Guɗa kuma takan faɗo daidai inda magana ta sosa wa mata wurin da ke musu ƙaiƙayi, ta haka mawaƙiya take gane ɗan da za ta maimaita da wanda za ta bari.

Hanya ta uku, wadda ta fi muhimmanci, ita ce ta cike gurbi. Waƙoƙin Barmani sun taɓo sana'a, kamar a "A Kama Sana'a Mata", da haihuwa kusa da kusa, kamar a "Gwarne Ikon Allah", da zambo da habaici, kamar a "Sakarai Ba Ta Da Wayo". Ɗabi'ar habaici ita ce barin gurbin suna a buɗe. Kowace mai sauraro ita take sanya sunan kishiyarta ko facalarta a zuciyarta. Macen da kunya da kawaici suka hana ta furta damuwarta a gaban uwar miji tana iya tashi ta taka rawa da wannan damuwa, kowa ya gane, babu kuma mai kama ta da laifi. A nan tushen ƙaunar yake: mawaƙiya ta ara wa masoyanta baki.

4.0 Iyakar Ƙaunar

Sai dai wannan ƙauna tana da iyaka, kuma wajibi ne manazarci ya faɗe ta. Al'umma ta ajiye kiɗa da roƙo a ƙasan jerin sana'o'i, mace mai yin su kuwa nauyinta biyu ne. Matar da ta yi liƙi har jakarta ta ƙare, ba lalle ne ta yarda 'yarta ta ɗauki ƙwarya ba. Haka kuma ladan mawaƙiya yana tsayawa ne a ranar biki. Kaset ɗin da aka riƙa kwafa ana sayarwa a kasuwanni bai zame mata abin dogaro ba a ranar da ƙarfi ya ƙare.

Rayuwar Magajiya Ɗambatta, mai waƙar "Soriyal", ta isa misali. Bayan tashen da ta yi, ta rasa ganinta, ta shiga matsanancin hali, har sai da ɗan jarida Jaafar Jaafar ya jagoranci neman taimako dominta 'yan shekaru kafin rasuwarta a 2021. Saurin da jama'a suka yi wajen amsa kiran ya nuna cewa ƙaunar tana nan. Abin da babu shi ne hanyar da za ta bi ta isa ga mai ita.

5.0 Daga Tsakar Gida Zuwa Gwarinpa

Bayan mayar da babban birnin tarayya Abuja a 1991, aiki ya kwaso iyalai da yawa daga Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato. Rukunin gidajen Gwarinpa, wanda aka gina a zamanin Janar Sani Abacha, yana cikin wuraren da suka zauna. 'Yan matan da suka yi guɗa a gaban masu amada a da, su ne iyayen amare da kakanninsu a wannan unguwa a yau.

Gidan Gwarinpa ba shi da zaure da tsakar gida irin na Funtuwa, saboda haka babban taron biki yakan koma ɗakin haya, inda sau da yawa maza da mata suke haɗuwa, wayoyi kuma suna ɗaukar hoto. Barmani ta rasu a 2013, don haka muryarta daga na'ura take fitowa. Iyaye mata sukan tashi su taka idan aka sako ta, amma abubuwa biyu sun sauya. Na farko, waƙar ta daskare: liƙi ya koma kan amarya da mai sarrafa na'ura, ba ya kuma haifar da sabon ɗan waƙa. Na biyu, maganganun da aka tsara domin kunnen mata zalla, irin na "Waƙar Duwaiwai", yanzu suna faɗawa kunnen da ba a yi su dominsa ba, sai a yi musu hukuncin batsa ba tare da la'akari da muhallinsu na asali ba. Hanya ta uku kaɗai, wato cike gurbi, ita ce ta tsira, domin a zuciya take aukuwa.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa masoyan mawaƙa mata abokan ƙirƙira ne, ta hanyar liƙi da amshi da cike gurbin habaici, kuma rabin ma'anar waƙar amada yana wurinsu. Littafin Beverly Mack na 2004 a kan waƙoƙin matan Hausa ya buɗe ƙofa ta fuskar mawaƙan, saura ta fuskar masu sauraro. Matan da suka san wanda aka yi wa wane habaici, da dalilin da guɗa ta tashi a wane ɗan waƙa, suna nan da ransu a Gwarinpa da sauran unguwanni, amma shekaru suna ja. Ya kamata sassan nazarin harsunan Nijeriya su tura ɗalibai, musamman mata, su naɗi bayanansu tun ana iya samunsu. In ba haka ba, za a wayi gari kaset yana hannu, amma babu mai iya fassara shi.