Laifin Yatsa Ne Ko Na Na'ura?

'Yan uwana mata, ranar zaɓen 2015 an nuna a talabijin yadda na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi Shugaba Jonathan a Otuoke. To ina ga matar Baure, wadda daka da wanke-wanke suka cinye zanen yatsunta, ga kuma lalle? Sai a ce ai hannunta ne.

A Amurka, a shekarun 1980, masanan kamfanin Xerox sun ɗauki bidiyon mutane suna fama da injin kwafi, don gano inda ya gaza. Da an ɗauki hannuwanmu haka, da an gyara tun wuri. Tela ai sai ya auna jiki kafin ya yanka.

A zaɓen 2023 na'urar BVAS har fuska ta duba. Don haka kada kunya ta fitar da ke daga layi.