Ma'aunin Piaget da Bakin Yaron Agadas

Littafin da Jean Piaget ya wallafa da Faransanci a shekara ta 1923 a kan harshe da tunanin yaro ya daɗe yana tasiri a makarantun horon malamai na ƙasashen da Faransa ta rena. Abin da ya ƙunsa a taƙaice shi ne: ƙaramin yaro yakan yi ta magana ba tare da la'akari da mai sauraro ba, kamar da kansa yake zance, sai ya kai shekara 7 ko 8 sannan maganarsa ta koma ta ma'amala. An gina babi na farko a kan yara biyu masu shekara 6, waɗanda aka rubuta duk abin da suka furta a wata makaranta ta birnin Janeba. Aiki ne na haƙuri, kuma shi ya koya wa manazarta su saurari yaro kafin su yanke masa hukunci. Tun a 1934 Vygotsky ya soki fassarar, ya ce maganar yaro daga tushenta ta ma'amala ce.

Sai dai akwai wata matsalar da ba ta fitowa sosai sai an kai ma'aunin gari irin Agadas. A Janeba an ƙidaya abin da yaro ya faɗa ne. A Agadas kuwa rabin gwanintar tana cikin abin da ya koyi ya bari.

A duba aike. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ana tura shi maƙwabta da saƙo. Dole ya yi sallama, ya gaida na gaba, ya isar da maganar wani da kalmomin wani, ya komo da amsa. Wanda ya iya wannan ya riga ya san cewa abin da ke kansa ba shi ne a kan mai sauraro ba, tun kafin shekarun da littafin ya ambata. Daga nan kunya take shiga: ya gane sunayen da ba a kira, da lokacin da ake sunkuyar da kai. Wajen Abzinawa saurayi in ya balaga yakan naɗa rawani ya ja amawali ya rufe baki, musamman gaban surukai, kuma ana yaba wanda ya iya tangalt, wato zance a lulluɓe, ɗan'uwan habaici da karin magana. Dominique Casajus, wanda ya zauna da Kel Ferwan na kewayen Agadas, ya yi bayanin wannan a littafinsa na shekara ta 2000. To, mai ƙidayar jimloli zai ga saurayin nan ya ja baya, alhali a idon mutanensa yanzu ya iya magana.

Abu na biyu, littafin ya ɗauki yaro mai harshe ɗaya. Agadas ba ta taɓa zama haka ba. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka garin a 1850 ya tarar ana wani nau'in Sanwayanci, wanda daga baya ya ɓace, Hausa ta maye gurbinsa; ɗan'uwansa Tasawak yana nan a Ingal. Yaron da ya tashi da Tamajak a gida yakan tsinci Hausa a kasuwa da wajen wasa, ya haɗu da Larabci a makarantar allo, da Faransanci a lakkwal. Zaɓen harshen da ya dace da kowane mutum mataki ne na girma, amma ba shi da gurbi a tsanin Piaget.

Wannan ya shafi masu tsara karatu kai tsaye. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973, aka fara koyarwa da Hausa, an fi mai da hankali ga wane harshe za a shigar a aji, aka yi sakaci da wace irin magana. Malami yakan jefa tambayar da shi kansa ya san amsarta, yana jiran yaro ya ɗaga kai ya amsa shi kaɗai. A gida wannan rashin ladabi ne. In yaron ya yi shiru sai a rubuta cewa bakinsa bai buɗe ba. Da za a bi shi zuwa dandali da dare, a ji shi yana kacici-kacici ko zaurance, inda ake juya gida ya koma dagi, da an ga ya daɗe da sanin rarraba kalma gaɓa-gaɓa, wato abin da littafin koyon karatu yake ɓata makonni yana koya masa. Ousseina Alidou ta nazarci irin waɗannan wasanni a harsunan Nijar shida a 1997, kuma kayan da ta tattara sun isa a fara gina darussan farko a kansu.