Fentin mota a gida: kuskuren da ke cikin shawarar masu bidiyo kan takunkumi

Duk wanda ya taɓa neman yadda zai fesa wa motarsa fenti a gida ya ci karo da bidiyoyin nan na YouTube. Mutum ya lulluɓe garejinsa da leda, ya haɗa fenti, sannan ya ɗaga takunkumin roba mai kwanon tacewa biyu, ya ce da wannan magana ta ƙare. Kan yadda ake riƙe bindigar feshi, gaskiya da yawansu sun iya aikinsu. Matsalata da su ita ce sukan faɗi takunkumin da za a saya tun ba su tambayi irin fentin ba, alhali fentin ne ke zaɓa wa mutum takunkumi.

Abu biyu ke tashi idan ana feshi: ƙananan ɗigon fenti da ke yawo a iska, da tururin tina. N95 da muka sani lokacin korona ɗigo da ƙura yake tarewa, tururi kuwa wucewa yake yi abinsa. Ƙyalle ko takunkumin asibiti ba ma sa cikin lissafi. Tururi sai gawayi na musamman, wanda a tsarin Amurka alamarsa baƙa ce, a tsarin Turai ruwan ƙasa mai harafin A. A ɗora masa matatar ɗigo, P100 ko P3. Ga fentin da tina kawai ake sirka shi ya bushe da kansa, wannan haɗin ya yi, in iska na ratsa wurin. Zuwa nan masu bidiyo na da gaskiya.

To amma ƙyallin da kowa ke so a jikin mota yawanci daga fentin 2K yake fitowa, wato wanda sai an zuba masa ruwa na biyu kafin ya yi tauri. A cikin ruwan nan akwai sinadaran aisosayanet. Su ne ke sa jiki ya tsani abin, har ta kai ga asma. Da zarar jikin mutum ya kamu, ɗan kaɗan ya shaƙa sai ƙirji ya toshe, wani lokaci sai cikin dare, sa'o'i bayan an gama aikin, ta yadda ba zai ma danganta abin da fenti ba. Wasu da ciwon suke rayuwa ko sun bar sana'ar.

Sai ka ji mai bidiyo ya ce, "In ka fara jin wari, ka sauya gawayin." Nan ne na fi jin haushi. Aisosayanet yana kai adadin da ke cutarwa tun hanci bai ji komai ba. Gawayi kuma yana cika, kuma zafi da laima na sa ya cika da wuri. Shi ya sa hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, ta ce feshin 2K sai da takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo, a cikin ɗakin feshi mai zuƙe iska waje. Har ɗaga murfin fuska don duba aiki ta hana, domin ɗigon da ido ba ya gani yana daɗewa a iska bayan an saki bindiga.

Shi ma mai tiyon yana da sharaɗi. In injin matsa iskar yana kusa da janareta, hayaƙin za a turo wa mutum kai tsaye cikin huhu. Akwai kuma batun gemu, wanda ban cika jin ana ambata ba: takunkumin roba sai ya manne da fata yake aiki, ko tsiron kwana biyu na buɗe kafa. Mai gemu sai nau'in da ke rufe kai gaba ɗaya ana hura masa iska. Madarar da masu fentinmu ke sha bayan aiki kuwa ciki take tafiya, ba ta bi ta huhu.

Abin da na so masu bidiyon su faɗa, ko da zai rage musu masu kallo: ka karanta jikin gwangwani kafin ka sayi komai. In 2K ne kuma ba ka da mai tiyo, ka gyara jikin motar a gida, ka goge, ka kai wa mai ɗakin feshi ya fesa. Garejin gida dai yakan haɗa bango da ɗakin da yara ke kwana, su kuma ba wanda ya saya musu takunkumi.