Awon Ra'ayin Samarin Kano: Sharhi a kan Binciken Armer da Youtz

A cikin 1971 Michael Armer da Robert Youtz suka buga sakamakon bincikensu na Kano a mujallar American Journal of Sociology. Sun yi wa samari 591 masu shekara 17 tambayoyi, domin su gwada zaton cewa ilmin boko ya kan juya ra'ayin yaro zuwa ga na zamani. Suka kasa samarin bisa ga zurfin karatunsu, suka gwama amsoshinsu, suka iske zaton ya tabbata, ko da ya ke ƙarfinsa bai zama ɗaya a kowane irin ra'ayi ba.

Aikin ya cancanci yabo, gama ba su tsaya ga ƙirga kaɗai ba. Sun bincika ko bambancin ya samo asali ne daga irin yaran da a ke sa wa makaranta tun farko, suka ga ba wannan ne tushensa ba.

Amma fa lissafi iyakarsa ya nuna cewa bambanci ba na katari ba ne. Ba ya faɗin abin da aka auna. Ɗan boko ya saba da baƙo ya tsare shi da tambaya ya ba da amsa kai tsaye, watau jarrabawa. Almajirin da ya tashi a zauren malamin Madabo kuwa an hore shi da kunya da sunkuyar da kai gaban babba. In ya ce "in Allah ya yarda", ladabin magana ne wanda ɗan kasuwar Kurmi ma ya ke yi sa'ad da ya ke shirin fatauci. Mai awo da ya ɗauke shi a kan mutuwar zuciya ya auna harshe ne, ba hali ba.

Har wa yau, matakan boko ba su ne kaɗai matakan ilmi a birni ba. Tsakanin mai allo da wanda ya sauke Risala akwai tazara wadda ta isa a gwada ta da kanta. Mata kuma ba sa cikin awon.

Saboda haka malaman kwalejojin horo su yi hattara, kada su gaya wa ɗalibansu lissafi ya tabbatar almajiri ba ya son ci gaba. Ɗaliban nan su ne za su koyar da ƙannen almajirin, kuma malami ba ya iya koyar da yaron da ya riga ya raina.