Uwar Jess Ba Abar Dariya Ba Ce

'Yan'uwana mata, kwanan baya a nan Sanyinna ƙanwata ta kunna mini wani fim a wayarta, Bend It Like Beckham, wanda Gurinder Chadha ta shirya, ya fito a 2002. Labarin Jess ne, 'yar mabiya addinin Sikh mazauna Landan. Ƙwallo ta shiga ranta, iyaye suka ce atafau.

Uban, wato Anupam Kher namu na finafinan Indiya, an yi masa adalci. Mun ji yadda Turawa suka hana shi wasan kurket, suka yi wa rawaninsa ba'a, har muka gane tsoronsa. To uwar fa? Daga faɗa sai zancen girki, sai kai ƙara gaban hoton Guru Nanak, wai mu yi dariya. Ni kam wallahi ban dara ba. Ina da yaya a Sabo ta Ibadan, ranar da 'yarta ta fara amsa mata da Yarabanci kwana ta yi ba barci. Irin fargabar uwar Jess ke nan, fim ɗin bai tsaya ya saurare ta ba. Ita kanta Jess, har ta tafi Amurka ba wanda ya tambaye ta matsayin addinin a zuciyarta.